Damben gargajiya: Gwanintar da ke ƙwaƙwalwa, da naushin da ke rusa ta

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noma bai cika yankewa a Kura da Bunkure ba, rani da damina. Amma idan aka kammala girbin shinkafa kuɗi suka shigo hannu, samari kan samu sararin komawa ga wasan da aka gada, wato dambe. Masu zuciya ma har birnin Kano suke shiga, su gwada sa'arsu a dandalin Ado Bayero.

'Yan kallo kan ce wane yana da hannu, wasu kuma su danganta abin da laya. Masana lafiya kuwa sun nuna cewa gwanintar a cikin kai take.

Kafin hannun da aka naɗe da zare ya tashi, umarni ne ke fitowa daga saman ƙwaƙwalwa, ya bi ta lakar gadon baya zuwa damtse. Ɓangaren hagu ne ke juya hannun dama. A wajen ƙeya kuma akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda duk da ƙanƙantarta ta ƙunshi fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Ita ce ke auna nisa da lokaci, ta gyara kuskure, ta hana mutum tangaɗi idan ya kai naushi ya kuskure.

Yawan maimaitawa ne ke horar da waɗannan sassa. Shi ya sa gwanin dashen shinkafa ke jera layi yana hira, sabon shiga kuwa sai ya duba kowane tushe.

A 2004, masu bincike a Jami'ar Regensburg ta Jamus sun koya wa wasu mutane cilla ƙwallaye uku suna cafewa. Bayan wata uku, hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke bibiyar motsi ya ƙara kauri, da suka daina kuma ya ragu. A 2014 masana a Japan suka gano cewa idan Neymar na motsa ƙafa, ƙwaƙwalwarsa ba ta wahala kamar ta sauran 'yan wasan da aka gwada.

Sai dai a dambe, wannan ƙwaƙwalwar ce abokin karawa ke hari. Abin da ake wa sowa a fage da sunan kisa sau da yawa girgizar ƙwaƙwalwa ce a cikin ƙoƙon kai. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana tsofaffin 'yan damben Amurka masu rawar hannu da tafiya kamar ta mashaya. A 2002 kuma Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin Jihar Anambra, ya gano irin wannan lalacewa a gawar ɗan wasan ƙwallon Amurka Mike Webster.

Haɗari mafi girma shi ne komawa fage kafin a warke. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, mantuwa, ruɗewa ko yawan barci bayan turmi alamu ne na a garzaya asibiti nan take. Ga matashin da gobe zai ɗauki lauje ya koma gona, haƙura da turmi ɗaya ya fi masa sauƙi a kan rasa hannun da yake ci da iyalinsa da shi.