Gadon Sarauta da Aure: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wa ke da hakkin gadon sarauta?

A Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kamar sauran ƙasar Kano, ta wajen uba ake gadon sarauta. In mahaifinku ko kakanku na wajen uba ya yi sarki, kun shiga sahun 'yan sarki masu iya nema. Ba dole ne sai babban ɗa ba. Ƙanen marigayi ko ɗan wani reshe na gidan yana iya samu.

Yaya ake zaɓa?

Masu zaɓen sarki, wato manyan hakiman da al'ada ta ɗora wa wannan nauyi, su ke tantance masu nema su miƙa sunaye, gwamna ya amince da ɗaya. Da Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila ya rasu a watan Mayun 2020, Hakimin Kibiya, Kabiru Muhammad Inuwa, aka naɗa. Doka ma takan sauya komai: a 2024 aka rushe masarautun da aka kafa a 2019, har da ta Rano, sannan aka maido da Rano mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano, Kibiya da Bunkure, aka naɗa Muhammad Isa Umaru.

Aure yana hana sarauta?

Wataƙila kun ji labarin Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka a 1936 don ya auri bazawara 'yar Amurka. A nan ba mu da wannan ƙa'ida. Ɗan sarki ya auri 'yar talaka ko bazawara, hakkinsa da na 'ya'yansa na nan. Ko a da, ɗan ƙwarƙwara, wato baiwar da sarki ya ajiye a ɗaki, matsayinsa ɗaya da ɗan matar aure.

To, aure yana ba da sarauta?

A'a. In kun auri 'yar sarki, kun zama surukin fada, za a girmama ku, amma 'ya'yanku gidanku za su gada. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya auri 'yar Ado Bayero, sai dai hakkinsa ta kakansa Sanusi na Ɗaya ya zo.

Kada wannan ya sa ku raina dangin uwa, domin nan ne aure ke aikinsa. Lokacin Basasar Kano, da Yusufu, ɗan sarkin da ke yaƙin neman sarautar, ya rasu a 1894, magoya bayansa sun tsai da Aliyu Babba. Cikin dalilan har da cewa mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi ce, zai yi wa Sakkwato wuya ta juya wa jininta baya. Haka kuwa aka yi: ya ci Kano, Sakkwato ta amince da shi. A ganina wannan lissafi bai mutu ba. In 'yan sarki biyar suka fito da hakki iri ɗaya, wanda kawunnansa da surukansa ke da faɗa-a-ji a fada da gidan gwamnati ya fi kusa da rawani.