Jerin Kayan Haɗi da Sa Hannun Injiniya

A Abu Na'ama, bakin Shuɗin Kogin Nilu a jihar Sinnar ta Sudan, da famfo ake jawo ruwa zuwa gonaki. Kowane famfo yana da "jerin kayan haɗi", wato takardar da ke nuna sunan kowane ƙarfe, lambarsa da adadinsa. Idan injiniyan masana'anta ya sauya ko da noti ɗaya, wajibi ne a gyara jerin, shugabanninsa su sa hannu, sannan a ƙera. A da, takardar kan maƙale a ofis, maƙera su bi tsohon jeri. Yanzu kwamfuta ke riƙe jeri guda, tana miƙa shi ga masu sa hannu bi da bi, ba ta sakinsa sai sun amince. Dalili kuwa, lamba ɗaya in ta kuskure, manomi ya sayi abin da bai shiga famfonsa ba, gona ta bushe.