Idan Gudawa Da Amai Sun Shiga Gida: Abin Da Mai Ciki Da Iyalinta Za Su Yi

Da zarar hunturu ya shigo, iyaye mata daga Ikara, Makarfi, Hunkuyi da ƙauyukan Kudan sukan kawo yara asibiti da ciwo iri ɗaya: amai, zazzaɓi, sannan gudawa mai ruwa-ruwa. Sau da yawa kafin yaron ya warke, yayansa ya kamu, sannan uwar da ke jinyarsa, wadda wataƙila tana da juna biyu. Wannan bayani zai taimaka wa iyali su san abin yi tun daga daren farko.

Me ke kawo shi?

Galibi ƙwayoyin cuta ne na bairos. Wanda ya fi kama ƙananan yara shi ne rota, wanda aka gano a Ostareliya a 1973, kuma a ƙasarmu ya fi yaɗuwa lokacin rani da sanyi. Akwai kuma noro, mai kama babba da yaro. Dukansu suna fita ne a cikin bayan gida da aman maras lafiya, su maƙale a hannu, buta, kwano ko moɗa, daga nan su shiga bakin wani. Alamomi kan bayyana bayan kwana 1 zuwa 2. Noro kan lafa cikin kwana 1 zuwa 3, rota kuwa yana iya kai kwana 8.

Fitowar haƙori ba ta kawo gudawa. Kada a zauna ana jira wai haƙori ne.

Ina haɗarin yake?

Jiki da kansa yake kawar da bairos. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Saboda haka babban magani shi ne mayar da ruwan da ya fita. Flagyl da tetracycline da ake saya a kemis ba sa kashe bairos, kuma tetracycline yana iya cutar da haƙori da ƙashin ɗan da ke ciki. Kada a ba yaro maganin tsayar da gudawa.

Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari

A wanke hannu da sabulu. A zuba ƙunshi ɗaya na ORS a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Idan babu ORS a kusa, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita 1. Gishiri ya yi yawa yana da haɗari. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Bayan kowace gudawa, yaro ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. Ɗan shekara 2 zuwa 10 a ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya. Babba ya sha iyakar abin da zai iya. Idan yaro ya yi amai, a dakata minti 10, sannan a ci gaba a hankali.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zink: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Ko gudawa ta tsaya, a ƙarasa kwanakin.

Kada a daina ba da nono, a ƙara yawan shayarwa ma. Yaron da ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu, koko, shinkafa ko ayaba. A guji lemon kwalba, domin yawan sukarinsa na ƙara gudawa.

Idan mai ciki ce ta kamu

Bairos ɗin kansa ba kasafai yake taɓa ɗan da ke ciki ba, amma ƙarewar ruwa na iya jawo jiri, raguwar fitsari da ciwon mara mai kama da naƙuda. Ki riƙa kurɓar ORS a kai a kai, ki huta, ki ci abinci maras nauyi. Kada ki sha wani magani, na asibiti ko na gargajiya, sai ma'aikacin lafiya ya ce ki sha. Maigida, wannan lokaci ne da za a nemi wata 'yar uwa ta karɓi girki da jinyar yara.

Yaushe za a garzaya asibiti?

A kawo yaro nan take idan ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsarinsa ya ragu ƙwarai, jikinsa ya saki, ko an ga jini a bayan gidansa. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 mai gudawa a kawo shi ba tare da jira ba.

Mai ciki ta zo idan ruwa ya ƙi zama a cikinta, ko tana zazzaɓi, ko motsin ɗa ya ragu, ko ta ga jini ko ruwa yana zuba, ko mara tana ɗaurewa a jere.

Idan babba yana gudawa mai yawa, fara kamar ruwan wankin shinkafa, musamman da damina, yana iya zama kwalara, wadda ke kisa cikin sa'o'i. A 2021 ta kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, har da Jihar Kaduna. A fara da asibiti mafi kusa, ana ba maras lafiya ORS a hanya. Idan ya cancanta, za a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Yadda za a hana shi zagaye gida

A wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba bayan fitowa daga bayi, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki da kafin ba yaro abinci. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe noro sosai. A zuba kashin yaro a masai, a wanke fo da wurin da aka yi amai da ruwan bilic. Tsummokaran da suka ɓaci a wanke su daban, a shanya a rana. Maras lafiya ya sami kofi da kwanonsa shi kaɗai, kuma kada ya yi wa gida girki sai ya kwana 2 da warkewa. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya.

Tanadi kafin haihuwa

Tun watan Agusta na 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota a cikin rigakafin yara na yau da kullum. Ɗigo ne a baki, kyauta, a mako na 6, na 10 da na 14. Ki kai jaririnki ya karɓi duka ukun, ki shayar da shi nono zalla har wata 6. Sa'ad da kike haɗa kayan haihuwa, ki sa ƙunshin ORS, zink da sabulu a ciki, domin gudawa na iya farawa da tsakar dare, lokacin da kemis yake rufe.

Allah Ya sauke ku lafiya.