Ƙiba a Jikin Yara: Sababinta da Rigakafinta a Ƙasar Cadawa

Ƙibar da likitoci ke kira cuta ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai ga yi wa lafiya lahani. Ga yaro ba a yanke hukuncinta da ido. Ana auna nauyinsa da tsawonsa, a gwada da jadawalin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya, gwargwadon shekarunsa da kuma ko namiji ne ko mace. Ƙididdigar hukumar ta 2022 ta nuna yara da matasa sama da miliyan 390 'yan shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne ke da nauyin da ya wuce ƙima. A 2022 sun kai kashi 20.

Wanda ya san Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Runji zai ce wannan matsalar wasu ce, kuma yana da hujja. Abin da jihar Maraɗi, inda waɗannan garuruwa suke, ta sani shi ne tamowa. Yunwar 2005 ta cika cibiyoyin jinya da yara ramammu, kuma har yanzu kusan rabin yaran Nijar da ba su kai shekara biyar ba tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Rahoton UNICEF na 2025, wanda ya ce a duniya masu ƙiba sun zarce ramammu a cikin yara 'yan makaranta, ya ware Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Shi ya sa uwa take farin ciki idan aka ce ɗanta ya yi ɓul-ɓul, kaka kuma ta ce goyo ya yi kyau.

Sai dai tamowa da ƙiba dangin juna ne. Jaririn da bai samu isasshen abinci ba a cikin ciki da shekaru biyu na farko, jikinsa yakan saba da tattali: ba ya gina tsoka sosai, kuma duk abin da ya samu sai ya adana shi kitse. Idan ya girma ya tarar da mai da sukari a wadace, shi ne kan gaba wajen yin tumbi da kamuwa da ciwon suga da hawan jini. An ga haka a Holan, wurin waɗanda suke cikin mahaifa lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, kuma likitan Ingila David Barker ya faɗaɗa binciken tun shekarun 1980. Ke nan yaron da aka ceto daga rama yau yana buƙatar a sa masa ido gobe, musamman idan ya koma birni.

Babban sababi shi ne sauyin cima. Tuwon gero da miyar kuka, fura da nono, ɗanwake, kwaɗon zogale, gyaɗa da aya da ake nomawa a yankin, abinci ne masu riƙe ciki. Amma Cadawa tana bakin babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kuma kayan Kano da Katsina ba su da nisa. Biskit, alawa, taliyar leda, garin lemo da ake damawa a ruwa da lemon kwalba sun kai har teburin mai shago na ƙauye. Suna da arha, suna da zaƙi, ba sa ƙosarwa. Gwangwanin lemo ɗaya mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ko babba kada ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato ƙaramin cokali shida. Sukarin gida ma yana cikin lissafi: na koko, na shayi, da wanda yanzu ake zuba wa fura har ya danne tsaminta. Kuɗin tara da ake ba ɗan makaranta kuwa yawanci a wurin mai fanke da mai alawa yake ƙarewa.

Sai zama. Yaron ƙauye da ke kiwo da ɗiban ruwa da zuwa gona ba ya rasa motsi. Ɗan gidan masu hali a gari, wanda ake kai wa makaranta a babur ya dawo ya rungumi waya, shi ne abin ji. 'Yan mata sun fi shiga haɗari, domin da sun fara tasawa ake hana su guje-guje. Gado yana da nasa rabo, ƙarancin barci ma haka.

Abubuwa biyu suna kama da ƙiba, kuma ba ita ba ce. Na farko kumburin tamowa: idan aka danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku wurin ya lotsa, a garzaya da shi asibiti. Na biyu ƙwayoyin sa ƙiba da wasu 'yan mata ke saye a kasuwa. Wasunsu, irin su dexamethasone, kumbura fuska suke yi, su hau da jini da suga, su raunana garkuwar jiki.

Illar ƙiba takan ɓuya shekaru. Yaro mai ƙiba yakan girma da ita, ciwon suga da hawan jini su zo masa da wuri, ga ciwon gwiwa da haki da minshari, ga tsokanar abokai da kan sa shi ƙin makaranta.

Rigakafi tun daga goyon ciki yake farawa: mai ciki ta ci da kyau, ta riƙa zuwa awo. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗa masa, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara biyu tare da kunun da aka inganta da gyaɗa ko wake, ba da sukari ba. Ɗura ba ta da amfani, domin tana koya wa yaro ci bayan ya ƙoshi, ga haɗarin shaƙewa. Abin sha ya zama ruwa, abin taɓawa ya zama mangwaro ko gwaba ko dafaffen ƙwai. Ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma langa da ƙwallo da 'yar gala-gala sun wadatar. Ɗan ƙasa da shekara biyu ba a ba shi waya.

Yaron da ya riga ya yi ƙiba ba a horar da shi da yunwa, tunda yana kan girma. Tukunyar gidan gaba ɗaya ake gyarawa, a rage mai da sukari, a kai shi awo a kai a kai har tsawonsa ya cim ma nauyinsa. Hukuma ma tana da hannu a ciki: Dokar Kuɗi ta 2021 a Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, ko da yake hauhawar farashi ta rage masa kaifi.