Gwanin ruwa ma sai da kati?

Mu yaran Kafanchan a Matsirga muka koyi ruwa. Da muka rako shanun Baba Legas, abokina da ya fi mu iya nutso ya je wajen masu shiga ƙarƙashin teku da tulun iska a baya. Tambayar farko: "Ina katinka?" Ya dawo yana ta faɗa.

'Yan uwa, ba raini ba ne. Nutso da tulu daban yake da namu. Wanda ya shaƙi iskar tulu a ƙasa, ya taso yana riƙe da numfashi, huhunsa na iya yagewa. Shi ya sa ƙungiyar PADI ta yi matakai: katin farko zurfin mita 18, na biyu 30, na masu zurfi 40. Ko tsohon hannu ne, yawanci ba a cika masa iskar nitrox sai ya nuna katinta, don in tsautsayi ya faɗa, takarda masu inshora za su tambaya.

Kamar shanu ne: Baba da ido yake gane lafiyayya, amma a shingen hanya takardar likitan dabbobi ake nema. Mai sha'awar harkar, ya fara tara kuɗin katin farko.