Wata 36 na tsohon soja a jami'ar Amurka

Sojan Amurka da ya yi shekara uku cikin kaki bayan harin 11 ga Satumbar 2001, aka kuma sallame shi cikin mutunci, yana bin gwamnati bashin karatu na wata 36. Shekarar karatu a can wata tara ce, saboda haka lissafin ya zo daidai da shekara huɗun digirin farko, babu rara. Idan jami'ar gwamnati ya shiga, a biya masa kuɗin makaranta gaba ɗaya. Duk wata a ba shi kuɗin haya daidai da na saje mai iyali a garin da jami'ar take, sannan dala 1,000 a shekara ta littattafai. Sanata Jim Webb na jihar Virginia, wanda shi kansa ya yi yaƙin Biyetnam, shi ya kawo ƙudurin, kuma dokar ta fara aiki ran 1 ga Agustan 2009.

Tsoro ne ya haifi wannan karamci. A 1932 dubban sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya suka yi sansani a Washington suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari, gwamnati ta tura Janar Douglas MacArthur ya tarwatsa su, aka ƙone bukkokinsu. Da Yaƙi na Biyu ya kusa ƙarewa, babu ɗan siyasar da ke son ya ga miliyoyin matasa da suka iya harbi suna zaman kashe wando. Ran 22 ga Yunin 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan dokar da kowa ke kira GI Bill. Shugaban Jami'ar Chicago na lokacin, Robert Hutchins, ya yi ta gargaɗi cewa jami'o'i za su koma matattarar 'yan gararamba. Bai ci gari ba. A 1947 kusan rabin waɗanda suka shiga manyan makarantu tsofaffin soja ne, kuma kafin shirin ya ƙare a 1956 mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a ta hanyarsa, miliyan 2.2 daga ciki a jami'a da kwaleji. Rabon dai bai yi adalci ba. Baƙaƙen fata a jihohin kudu sun tarar da jami'o'in farare a rufe, 'yan kwalejojin nasu kuma sun cika sun batse. Su kuwa 'yan Arewarmu da Ingila ta kwasa zuwa Burma a wannan yaƙin, ɗan kuɗin sallama suka dawo da shi gida.

A yau kuɗin na nan. Abin da ke raba jami'ar da ke riƙon tsohon soja da gaske da wadda ke kafa tuta kawai ran bikin tunawa da mazan jiya shi ne yadda take tattalin waɗannan watanni, domin wurare da dama ne suke yoyo.

Ɗauki kofur ɗin da ya shekara biyar yana ɗaure raunuka a Iraƙi, ya zo neman digirin aikin jinya, a ce masa sai ya zauna ajin koyon taimakon gaggawa tare da yaran da suka gama sakandare jiya. Akwai takardar da rundunar ke bayarwa mai ɗauke da duk horon da soja ya samu, kuma wata majalisar ilimi ta ƙasa, ACE, tana auna kowane horo ta ce ya yi daidai da darasi kaza na jami'a. Amma shawara ce kawai. Jami'a ke da wuƙa da nama, wata ta karɓa, wata ta yi biris. Kowane darasin da aka sa shi ya maimaita, daga cikin 36 ɗin nan ake cire shi.

Sai wani ma'aikaci da ba a cika jin sunansa ba, wanda a ganina ya fi shugaban jami'ar muhimmanci ga tsohon soja. Shi ne jami'in da ke tabbatar wa ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, cewa wane ya yi rajista, ga yawan darussansa. Kafin ya aika wannan shaida, ko sisi ba ya fita. A wasu makarantun mutum ɗaya ne ke riƙe da fayil ɗaruruwa, ga wasu ayyukan ofis a kansa. A kakar 2018, wato zangon da ke farawa a Agusta, na'urorin VA suka rikice, dubban ɗalibai suka yi makonni ba kuɗin haya, wasu jami'o'in kuma suka ɗora musu tarar jinkirin biya. Sai da majalisa ta yi doka a ƙarshen shekarar cewa ba a hukunta ɗalibi a kan lattin da gwamnati ta yi. Ko a lokacin lafiya ma, tun 2011 ba a biyan kuɗin haya a kwanakin hutu tsakanin zango da zango, alhali mai gidan haya bai san hutu ba.

Mafi muni su ne makarantun 'yan kasuwa. Doka ta ce irin waɗannan makarantu kada su samu fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya, amma sai ba a lissafa kuɗin karatun tsofaffin soja a cikin 90 ɗin ba. Ke nan duk dala ɗaya ta tsohon soja tana buɗe musu ƙofar karɓar wasu tara. Suka bazama barikoki suna farauta. Kamfanin Corinthian ya durƙushe a 2015, ITT Tech ya rufe a 2016, dubban tsofaffin soja suka wayi gari watanninsu sun tafi, takardun da ke hannunsu kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓa. Wata doka ta 2017 ta mayar wa wasunsu watannin, ta kuma soke wa'adin shekara 15 na cin moriyar shirin ga waɗanda aka sallama daga 2013. Ƙofar 90 da 10 kuwa sai a 2021 aka toshe ta.

Akwai kuma abin da doka ba ta iya gyarawa. Mutum mai shekara talatin, da mata da 'ya'ya, wanda ya saba a ba shi oda ya bayar, ya samu kansa a aji inda babu mai gaya masa inda zai je gobe. Wani na fama da larurar firgici ko girgizar ƙwaƙwalwa daga fashewar bam, yana zaɓar kujerar da ke kallon ƙofa. Da yawa kuma lafiyarsu ƙalau, abin da ya dame su shi ne a riƙa kallonsu kamar marasa lafiya, ko wani yaro ya tare su da tambayar ko sun taɓa kashe mutum. Shi ya sa jami'o'i suke ware musu ɗaki guda da za su sha shayi da na ire-irensu, kuma ƙungiyarsu ta ƙasa, Student Veterans of America, da aka kafa a 2008, take da rassa sama da dubu.

Ba waɗanda aka sallama kaɗai ne a wannan layi ba. Sojan ko-ta-kwana ana iya kiransa fagen daga ana tsakiyar zango. Soja kuma na iya miƙa watanninsa ga matarsa ko 'ya'yansa, muddin ya yi shekara shida a aiki ya amince ya ƙara huɗu. Ta haka uba mai 'ya'ya uku kan zauna ya kasa 36 ɗin gida uku, kowa wata 12, sauran shekarun kuma iyalin su nemo daga aljihunsu.