Zafin Rana da Saitin Na'urar Green Bank

Ƙarfe mai tsawon mita 100 yakan miƙe da kimanin milimita 1.2 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga na'urar hangen samaniya ta Green Bank da ke Amurka, wadda aka ƙaddamar a 2000, domin faifanta yana kamo igiyoyin rediyo masu gajarta har milimita 3. Da zarar rana ta bugi gefe guda, sai saiti ya kauce, matattarar igiyoyin ta gusa. Saboda haka aka maƙala ma'aunan zafi a jikinta. Kwamfuta tana karanta su, tana gyara saiti da mazaunin ƙaramin faifai nan take. Duk da haka, aiki mafi laushi sai dare.